Takardar da Na Yage Daga Allon Sharada

Da sunan Allah nake buɗe wannan labari, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. A shekarar da aka canza takardun naira, har mutum yana da kuɗi a banki amma ya rasa na ɗan sahu daga Kumbotso zuwa Sharada, a shekarar na je ƙasar Jamus. Ban je neman aiki ba, don na haura sittin. Shaida aka kai ni in bayar, kuma ban taɓa yin tafiyar da ta ɓata mini rai kamarta ba.

Sunana Isiyaku. Gyaran fanel na injuna ne sana'ata. Karatun allo na yi a ƙauyenmu ta wajen Gumel, abin da na sani na boko bai wuce lambobin da ke jikin kayan lantarki ba. Duk abin da zan rubuta da ajami nake rubuta shi.

Lokacin da wayar salula ta fara shigowa Kano ina aiki a wata masaƙa a Sharada. Injunan saƙarmu suna da kwamfuta, kwamfutar kuma tana da memori iri biyu. Akwai mai sauri, wanda inji ke aiki da shi, amma da an ɗauke wuta sai ya manta komai. Akwai mai nawa, shi ba ya mantuwa. Waɗanda suka ƙera injin ba a ɗauke musu wuta a ƙasarsu, don haka abin bai dame su ba. Mu kuwa kafin azahar an ɗauke sau uku. Inji ya manta zanen da yake saƙawa, ya manta inda ya tsaya, yadi ya lalace, a zagi ma'aikacin da ba shi da laifi.

Muka zauna ni da abokin aikina Bitrus, mutumin Kagoro, wanda ya yi kwalejin fasaha. Ni na lura wuta ba ta tafiya farat ɗaya, sai ta yi rauni tukuna, kamar ƙiftawar ido. Na haɗa abin da zai ji wannan rauni, na jera kafasita masu riƙe ragowar wuta. Bitrus ya rubuta umarnin da zai sa inji, a cikin wannan ɗan numfashi, ya kwashe abin da ke memori mai sauri ya juye a wanda ba ya mantuwa. Idan wuta ta dawo sai inji ya ɗora daga zaren da ya tsaya. Ranar da abin ya yi aiki Bitrus ya ɗaga ni sama a gaban masaƙa.

Mahaifina maƙeri ne, bai taɓa shayar da ƙarfe a gaban baƙo ba. A hannunsa na koyi cewa sana'a sirri ce. Saboda haka na kankare lambobin da ke jikin ƙananan ƙwayoyin lantarkin da na haɗa da su, na zuba baƙin danƙo a kan fanel ɗin yadda ba mai ganin cikinsa. Zanen yadda ake haɗa fanel ɗin kuma na ajiye shi a littafina da ajami, da gangan, don kada 'yan boko su karanta. Duk mai masana'antar da na sa wa, a Sharada ko Challawa ko Bompai, sai mun shafa Fatiha ya yi mini alkawari ba zai bari kowa ya buɗe ba. Wanda ba Musulmi ba ya ba ni hannu a gaban shaidu biyu.

Wata Talata na shiga ofishin ƙungiyar ma'aikata a Sharada, sai ga zanenmu a allon sanarwa, ƙuru-ƙuru, da bayani da Turanci, da hatimin ƙungiya a ƙasa. Ashe Bitrus ne ya buga, ya raba wa masu zuwa ajin da yake yi da yamma, ya manna ɗaya don kowa ya gani. Na fizge takardar daga allo. Na same shi a wajen mai shayi na kira shi ɓarawo a gaban mutane. Na ninke takardar na cusa a gafakar littafina, don in riƙa tuna abin da ya yi mini. Shekara ashirin ko a jana'iza muka haɗu ba ma gaisawa.

Wanda ya kai ni Jamus sunansa Lawan, ɗan Kano ne mazaunin can. Aikinsa bin tsofaffin kaya yana nemo wa lauyoyi shaida. Ya tsinci fanel ɗina a wajen 'yan gwangwan na Sharada, da alamar ajamina a gefe, ya yi ta tambaya har ya zo gidana. Ya ce a can idan mutum ya ƙirƙiri wata dabara, hukuma na ba shi takarda cewa tasa ce, ba mai yi sai da izininsa. Wani kamfani ya karɓi irin wannan takarda a kan memorin da ke ceton kansa idan wuta ta ɗauke, yana hana wani kamfani yi. Shi kuma na biyun, wanda lauyoyinsa suka turo Lawan, yana son ya nuna an riga na farkon, don takardar ta mutu.

"Baba, duniya za ta san sunanka," in ji Lawan. "Kai kaɗai ka yi, ko?"

Na ce, "Ni kaɗai." Allah Ya yafe mini. Ya miƙo wata takarda da Turanci ya ce bayanina ne, na sa hannu da ajami.

Zangonmu na farko Istanbul ne. Lawan ya zaunar da ni a kan wata kujerar ƙarfe ya ce kada in motsa, shi ya shige ɗakin hutawar manya. Na zauna tun hantsi har la'asar ta wuce. Mutane na ta wucewa kamar ruwa, ba mai kallon wani. Na ji tsoron in tashi neman wajen alwala in ɓace, har sai da wata dattijuwa mai shara ta ga ina duba agogo ina duba taga. Ta kama bakin hannun rigata ta kai ni ƙofar masallaci, ta koma ta tsaya kusa da jakata har na dawo. Da Lawan ya fito yana sakace haƙori, sai ya ce, "Baba, ai ka ga Turai ke nan. Kowa ta kansa yake yi."

A filin jirgin Munich aka kawo kare. Ya shinshina ƙafata, ya shinshina jakata, sannan ya ɗora jiƙaƙƙen hancinsa a kan gafakar littafina, littafin da akwai bisimilla a kan kowane shafinsa. Na ɗaga ta sama, jami'in ya ce in sauke. Suka zaro kilishin da maiɗakina ta ƙulle mini, suka jefa a kwandon shara ina kallo. Jami'in ya buɗe littafin ta inda ba nan ne farkonsa ba, ya riƙe shi a kife, ya daɗe yana dubawa kamar mai fahimta. Ya tambayi ko mene ne. Lawan ya ce masa wani abu, suka yi dariya su biyu. Har yau bai gaya mini abin da ya ce ba. Muna fita ya karɓi fasfona, wai kada in yar.

A Kano ya ce mini otal za a sauke ni, kusa da masallaci. Inda ya kai ni wani ɗaki ne a saman garejin gyaran mota, a bayan gari, da gado ɗaya da taga da ba ta rufuwa sosai. Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, irin siririn nan mai shiga ƙashi. Daga baya na ji lauyoyin sun kama mini ɗaki a otal da sunana, Lawan ne ke kwana a ciki. Kullum da safe yakan turo burodi mai tauri kamar dutsen niƙa da wani cuku mai wari. Banɗakin ba buta. Na riƙa zama a bakin gado ina tuna ƙamshin ƙosan da ake soyawa a ƙofar masaƙa idan 'yan aikin safe za su shiga, da ihun direbobin tirela a Bompai, abin da a gida ke sa ni tsaki.

Mai garejin wani tsohon Bajamushe ne, ba ya jin maganata, ba na jin tasa. Ya ga ina saukowa da kofin shayi in ɗebi ruwa in hau, in sauko in ɗebi in hau. Rana ta biyu ya hau da kansa ya ajiye mini butar ban ruwan furanni, koriya, da wata rigar sanyi mai warin man inji. Rana ta uku na ga yana bugun wata cajar batir da ta ƙi aiki. Na miƙa hannu. Ya dube ni, ya ba ni. Na buɗe, na ga kafasita ɗaya ta kumbura, na nuna masa da yatsa. Ya kawo wata da ƙarfen soda da dalma, na canza. Fitilar ta kama. Ya buga mini kafaɗa har na yi tari. A duk zamana a Jamus, rabin sa'ar nan ce kaɗai na ji ni mutum ne mai sana'a.

Rana ta huɗu aka kai ni ofishin lauyoyi, wani dogon bene na gilas. Babbar lauyarsu mace ce, doguwa, ta gaishe ni da fara'a sannan ta juya ga littafin. Suka sa safar hannu, suka ɗauki hoton kowane shafi, suka lissafa kwanakin watan Musulunci da na rubuta suka mai da su na Bature. Littafin aka ba kujera mai laushi a tsakiyar tebur. Ni aka ce in jira a can gefe.

An ɗauko mai fassara, Hadiza, 'yar Damagaram mai karatun haɗa magunguna a can. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar a gida. Ta ce, "Baba, an ce in karanta muku bayaninku, don ku tuna kafin gobe."

Ta fara. Da ta kai tsakiya na ce ta tsaya ta maimaita. Takardar ta ce wai na sayar da fanel ɗin ga duk mai so, ba sharaɗi, kuma ina koya wa kowa yadda ake haɗa shi a fili.

Na ce, "Yarinya, ban faɗi haka ba."

"Haka aka rubuta, Baba. Ga sa hannunku."

Lawan ya ja ni waje, wajen da ake shan kofi. Ya rage murya.

"Baba, don Allah kada ka ɓata mana tafiya. Dokarsu ce haka. Abin da aka yi a ɓoye ba ya kashe takardar kowa, ko shekara ɗari ka riga shi. Sai abin da jama'a suka iya gani. In ka ce ka sa mutane alkawari, shi ke nan, littafinka ya zama takardar ƙosai."

"To ai na sa su."

"A rubuce?"

"Fatiha muka shafa."

"To wa ya gani? Rabinsu sun mutu, rabi sun rufe masana'anta sun koma Dubai. Wa ya gani, Baba?"

"Wanda aka yi Fatihar dominsa."

Ya yi tsaki. A fuskata, yaron da na haifi wanda ya girme shi. "Ka ga, Baba, nan ba tsangaya ba ce. Kalma ɗaya ce. A tambaye ka akwai sharaɗi, ka ce babu."

Da muka koma ciki na sa Hadiza ta gaya wa lauyar cewa akwai gyara a bayanin. Lauyar ta ɗaga hannu tun kafin Hadiza ta ƙarasa. Ta ce ita ba ta gaya wa shaida abin da zai faɗa, in faɗi abin da na tuna kawai. Ta duba agogo ta fita. Na gane ba ta son ta ji, don in ta ji ya hau kanta. Wannan ya fi tsakin Lawan ƙona mini rai. Shi aƙalla ya faɗi abin da yake so da bakinsa.

Da yamma Hadiza ta biyo ni garejin da kwano a jaka, tuwon semo da miyar kuka, kukar daga gida aka aiko mata. Ta zauna a kan matakala ina ci. Ba ta ce in yi kaza ko in bar kaza ba. Ta dai ce, "Baba, ni abin da kuka faɗa shi zan fassara. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Washegari aka shiga zaure. Ba kotu ba ce irin tamu, ba mai hular gashi. Mutum uku ne a kan dogon tebur, na tsakiya dattijo mai tabarau. Ya gargaɗe ni cewa in faɗi gaskiya, don ana iya sa ni in maimaita da rantsuwa a gaban alƙali. Na ce masa ban zo daga Kano don in yi ƙarya ba. Ina faɗa ina jin kunya, don na san akwai wadda na riga na yi.

Aka fara da zanen. Na bayyana raunin wuta, da jeren kafasita, da juye memori. Ɗaya daga cikin ukun injiniya ne, na ga yana gyaɗa kai yana rubutu. Raina ya yi fari. Sai aka ba lauyan ɗaya kamfanin dama, wani gajere mai taushin murya.

"Malam, wannan baƙin abin da ke kan fanel ɗin, na mene ne?"

"Don kada a ga ciki."

"Lambobin ƙwayoyin fa, wa ya goge?"

"Ni."

"Littafinku, abokan aikinku na iya karanta shi?"

"Masu gyaran da nake tsoro ba sa iyawa. Shi ya sa na rubuta da ajami."

"Idan kun sa wa mai masana'anta, yana da damar ya kira wani ya buɗe ya gani?"

Lawan na bayana, ina jin numfashinsa. Na tuna fuskokin mutanen da muka ɗaga hannu tare, wasu na ƙarƙashin ƙasa. Su sun cika nasu alkawarin, ba wanda ya taɓa buɗewa. In na ce ba a yi ba, na ƙaryata matattu.

Na ce, "Ba shi da dama. Sai ya yi mini alkawari kafin in sa. Duk cikinsu ba wanda na ɗaga wa ƙafa."

Hadiza ta fassara kamar yadda na faɗa. Gajeren lauyan ya yi murmushi ya ce ya gode, ya ce da ma'aikatan kamfaninsu sun iya riƙe sirri kamata da sun huta. Mutanensa suka yi dariya. Lauyarmu ta rufe fayil ɗinta. A nan na ga duk abin da na yi shekara ashirin ina alfahari da shi, danƙon da kankarewar da ajamin da Fatihar, shi ne aka tattara aka miƙa wa wanda ya zo bayana ya ce dabarar tasa ce. Da hannuna na tsare masa ita.

Dattijon ya ce tambaya ɗaya ta rage. Ko akwai wani lokaci da aka taɓa sa wannan zane inda jama'a za su gani?

Gafakar na kan cinyata. Na san abin da ke cikinta. In na fito da ita, na yarda wanda na kira ɓarawo shi ne ya yi daidai, kuma zaure zai san ba ni kaɗai ba ne. Hadiza ta juyo ta ce, "Baba?" Na ce bisimilla a zuciyata, na sa yatsa biyu na zaro takardar.

Ta yi ja saboda tsufa. Kusurwa uku da hujin ƙusa, ta huɗu ta yage, ita ce ta rage a allo ranar da na fizga. Hatimin ƙungiya na nan da kwanan wata. Lauyan can ya miƙe yana cewa an kawo ta a makare. Dattijon ya ce a karanta tukuna. Injiniyan ya karanta da Turanci, Hadiza na mayar mini da Hausa a hankali. Bayani ne tsaf, daga farko har ƙarshe, yadda ko wanda bai taɓa ganinmu ba zai haɗa.

A can ƙasa akwai layi uku. Na daɗe da sanin sunana na wurin, don na san kamanninsa da boko. Zatona Bitrus ya sa ni ne a matsayin mai miƙa masa kaya, shi ya sa ban taɓa ba kowa ya karanta mini ba. Hadiza ta ce, "Ya rubuta: Dabarar jin raunin wuta da jeren kafasita ta Malam Isiyaku ce, shi ya fara ganinta. Ni Bitrus umarnin kawai na rubuta. Duk wanda ya amfana, shi zai gode wa."

Na kasa ɗaga kai. Shi a takardar da na kira sata ya sa sunana a gaba. Ni a takardar da na kira shaida na share nasa.

Na ce wa Hadiza ta roƙa mini izini. Na ce, "A bayanin da na sa wa hannu an ce ni kaɗai na yi. Wannan ba Lawan ya ƙaga ba, ni na faɗa, kuma ƙarya ce. Mu biyu ne. Ina so a rubuta." Dattijon ya sa na faɗi cikakken sunan Bitrus da garinsu, Hadiza ta jera haruffan, mai rubutu ya rubuta. Suka ɗauki hoton takardar gaba da baya suka mayar mini. Aka ɗage zama, wai sai an ji daga bakin Bitrus.

Muna fitowa na hangi lauyarmu da gajeren nan a wajen shan kofi, suna dariya, har yana riƙe mata kofi. Lawan ya jefo mini fasfona a kan benci. Ya ce, "Da kana da wannan tun a Kano ka ɓoye mini? Kai fa, Baba, ɓoyo ne ciwonka." Wannan kam bai yi ƙarya ba. Ya tafi, ban sake ganinsa ba. Tsohon mai garejin ne ya kai ni filin jirgi a motar jan mota. Na miƙa masa rigar sanyinsa, ya tura mini ita. Butar kuwa na bar masa a wanke.

Ba a taɓa kiran Bitrus ba. Bayan wata biyu Hadiza ta aiko mini da kwafin rubutun zaman ta hannun wani ɗan kasuwa, da saƙon murya. Kamfanonin sun shirya a tsakaninsu, an janye ƙarar, takardar mallakar na nan daram. Kamfanin da ya kai ni don in kashe ta yanzu yana cin moriyarta tare da mai ita. Ashe ba gaskiya suke nema ba, sanda suke nema ta tsorata juna, ni ne sandar. Na wanke hannuna na yi alwala.

Ranar Asabar bayan la'asar na hau ɗan sahu zuwa Panshekara. Bitrus na da shagon gyara a bakin titi. Ya tsufa, tabarau biyu ya ɗora, ɗaya kan ɗaya. Akwai mutane a bencin ƙofa, masu jiran rediyo da masu hira. Na ji daɗin haka, don a gaban mutane na zage shi.

Na yi sallama. Ya ɗago, ya cire tabarau ɗaya.

"Alaramma? Ɓatan hanya ka yi, ko mutuwa zan yi ba a gaya mini ba?"

Na tsaya a tsaye na faɗi komai, daga wajen mai shayi har zauren Munich. Na ce, "Jama'a ku shaida, na kira mutumin nan ɓarawo, ba ɓarawo ba ne. Na je wata ƙasa na ce ni kaɗai na yi aikin da muka yi tare. Oga Bitrus, ka yafe mini." Na miƙa masa rubutun zaman, na nuna masa inda sunansa yake.

Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Sun rubuta Kagoro daidai." Ya ajiye. "Wato ka hau jirgi har Jamus don a karanta maka layi uku? Da ka tsallaka titi da na karanta maka kyauta."

'Yan benci suka fashe da dariya. Na ce na cancanci haka.

"Zagin na yafe tun tuni, Malam, matata ce ba ta yafe ba, sai ka je ka same ta da kanka. Amma akwai abina a hannunka. Ka kira ni ɓarawo, alhali kai ka ɗauke mini takarda daga allo."

"Allon ƙungiya ne."

"Ƙusoshina ne."

Na zaro ta daga gafaka na miƙa masa. Ya ƙi karɓa. Ya nuna bangon katako da ke fuskantar titi, ya turo mini guduma da gwangwanin ƙananan ƙusa.

"Wanda ya cire shi zai mayar. Kuma ka sa ta daidai idon mutum, ba can sama inda sai an hau kujera ba. Na san halinka."

Na buga uku a tsofaffin hujinsu. Kusurwa ta huɗu babu ita, takardar na lilo. Na buɗe littafina, na yanke shafin da zanen yake da ajami, na ɗora gefensa a kan yagaggen wurin, na haɗa su da ƙusa ɗaya. Wani mai jiran rediyo ya taso ya sa fuska yana karanta ajamin a bayyane, tun daga bisimilla. Hannuna ya ɗaga da kansa zai rufe. Bitrus ya kama hannun ya sauke.

"Bar shi ya karanta," in ji shi. "Yanzu ba na binka komai. Zauna, a kawo shayi."

Na zauna. Alhamdu lillahi.